Cire wa yaro madara saboda ƙaiƙayin fata: yadda za ki yi ba tare da kin ramar da shi ba

Duk uwar da ta taɓa kwana tana riƙe da hannun ɗanta don kada ya sosa jikinsa har jini, ta san shawarar da ake fara ba ta da gari ya waye: "Ki cire masa madara." Maƙwabciya za ta faɗa, mai kemis zai faɗa, 'yar'uwar da ke aure a Ingila ma ta bugo waya ta nanata. Ni ma an faɗa mini lokacin da ɗana yake wata 15, a tsakiyar hunturu, bayan gwiwoyinsa da wuyansa sun bushe sun yi kaushi. Rana ɗaya na cire madara da ƙwai da gyaɗa da kifi. Bayan wata biyu fatar tana nan yadda take, a wajen awo kuma aka ce nauyinsa bai motsa ba. Wannan kuskuren nake so ki tsallake.

Akwai yaran da madarar shanu ke tayar musu da ciwon fata da gaske, amma ba su da yawa. Jarirai 2 zuwa 3 ne cikin 100 jikinsu ke ƙin madara, abin da likitoci ke kira alaji. Ko a cikin yaran da ciwon fatarsu ya yi tsanani, kusan ɗaya cikin uku ne ake samu da alajin wani abinci, kuma ba lallai madara ba ce. Saboda haka cire madara gwaji ne mai ranar farawa da ranar gamawa. Ga yadda ake bin sa, ga yaro mai shekara 1 zuwa 3.

Mataki na farko: ki tabbatar da sunan ciwon

A Kano idan aka ce "egzima" yawancin mutane kyasbi suke nufi, wato farin tabo ko baƙi da ke fitowa a ƙirji da baya. Kyasbi da makero ƙwayar cuta ce ke kawo su, babu ruwansu da abinci. Ƙazuwa kuma za ki ga ta kama wasu 'yan gidan, ta fi ƙaiƙayi da dare, tana son tsakanin yatsu. Ƙurajen zafi na zuwa da bazara su tafi da ita. Egzimar da muke magana a kanta ita ce bushewar fata mai ƙaiƙayi da ke lafawa ta dawo. Tana fara wa jariri a kumatu, in ya girma ta koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya da idon sawu. A fatarmu ba kasafai take yin ja ba kamar yadda ake nunawa a hotunan Turawa. Duhu take yi ko toka-toka, wani lokaci da ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki ta tashi. Ba a ɗaukar ta, kuma sau da yawa za ki tarar akwai mai asma ko yawan atishawa a dangi.

Ki kai shi a gani da ido. Akwai likitocin yara a Hasiya Bayero da Murtala da asibitin yara na Khalifa Isyaku Rabiu da ke titin gidan Zoo, akwai kuma likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Mataki na biyu: ki fara da fatar, kafin ki taɓa kwanon abincinsa

Wannan matakin shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya warkar da ɗana. Fatar mai egzima kamar randa ce mai tsaga, ruwa na zurarewa, ƙura da sabulu na shiga. Aikinki ki riƙa toshe tsagar kullum.

Wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi kaɗan, minti 5 zuwa 10, babu soso, babu sabulun magani, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwa. Ki tsane jikin da tawul ba tare da gogewa ba, ki shafa mai kafin minti 3 su wuce, tun fatar na da danshi. Basilin marar ƙamshi ko man kaɗanya mai kyau sun wadatar. A yawan shafawar ne ake yin kasala: sau 3 ko 4 a rana, a hunturu ma fiye, daga wuya har tafin ƙafa. Yaron da ciwon ya bazu a jikinsa zai iya cinye giram 250 na mai a sati guda. Idan kwalba ɗaya tana kai miki wata uku, ba kya shafawa yadda ya kamata.

Inda ya yi kaushi yana ƙaiƙayi, mai kaɗai ba zai kwantar da shi ba, sai da maganin shafawa da likita zai rubuta, irin su haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100, na 'yan kwanaki. Ki guji mayukan kemis masu haɗi uku da ake zubawa cikin man shafawar jarirai. Akwai magani mai ƙarfi a cikinsu da ke siranta fata ya kuma ɗashe ta, da kin daina ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Kada ki shafa masa man shanu a kai ko a jiki: abinci da ke shiga ta fatar da ta tsage na iya zama sanadin da jiki zai fara ƙinsa. Ki yanke masa farce, ki sa masa kayan auduga, ki nisanta shi da hayaƙin turaren wuta da humra. Rigar sanyi mai gashi kuma a saka ta a kan ta auduga.

Ki yi wannan sati 3 ko 4 da gaske. Yara da yawa a nan maganarsu ke ƙarewa, su ci gaba da shan madararsu. Idan kin ga ɓawon rawaya kamar busasshiyar zuma, ko ruwa na tsatsa, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fito a dunƙule tare da zazzaɓi, cuta ta shiga fatar, ranar za ki kai shi asibiti.

Mataki na uku: alamun da ke nuna madara

Iri biyu ne, kuma bambancinsu ne zai nuna miki abin da za ki iya yi a gida da abin da ba za ki iya ba.

Na farko mai saurin fitowa ne, daga 'yan mintuna zuwa awa 2 bayan ya sha: borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai, tari ko numfashi mai ƙara. In numfashi ya sarƙe, ko murya ta dishe, ko jikinsa ya saki, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, domin allurar adirenalin ce maganin, ba sirof ba. Yaron da ya taɓa yin haka an daina ba shi madara ke nan, kuma ba a sake gwada masa a gida, sai a gaban likita.

Na biyu mai jinkiri ne, daga awa 2 har kwana 3: fatar ta ƙara tashi, gudawa ko taurin bayan gida, majina ko ɗigon jini a kashi, ciwon ciki, rashin ƙaruwar nauyi. Wannan shi ne mai wuyar ganewa, shi ne ake yi wa gwajin cirewa.

Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da ya ci, da yadda ya kwana, da yadda fatar take, na tsawon sati biyu. Ki ɗauki hoton wuraren da waya a haske ɗaya kowane kwana uku. Ido na mantuwa, musamman idon uwar da ba ta samun barci.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne yaron da madara ke sa wa kumburin ciki da zawo bayan ya yi fama da gudawa. Wannan sukarin madara ne cikinsa ya kasa narkarwa na ɗan lokaci, ba ya taɓa fata. Alaji kuwa da furotin ɗin madara, wato sinadarin gina jiki da ke cikinta, yake faɗa. Shi ya sa madarar da aka rubuta an cire mata sukarin laktos ba ta da amfani ga mai alaji, furotin ɗin na nan.

Mataki na huɗu: ki sa rana

Ki koma wa likita da littafinki. Idan ya yarda a gwada, ku tsayar da rana: sati 2 zuwa 4, kada ya wuce 6. A auna nauyinsa ranar farawa. Madara kaɗai za a cire. In yana cin ƙwai da kifi da kunun gyaɗa lafiya, ki bar masa abinsa, domin daina ba yaro abincin da jikinsa ya saba da shi na tsawon lokaci na iya jawo masa alaji mai tsanani ranar da aka dawo da shi. Gwajin jini ko na tsira fata na taimakawa ga nau'i mai saurin fitowa, amma yakan nuna alaji ga abincin da yaro ke ci lafiya, don haka ba a yanke hukunci da takardar gwaji ita kaɗai. Ki ci gaba da shafa mai kamar da, kuma kada ki canza sabulu ko magani a cikin kwanakin, in ba haka ba ba za ki san abin da ya yi aiki ba.

Mataki na biyar: inda madara ke ɓuya a gidan Bakano

Madarar gari da ta gwangwani kowa ya san su. Har waɗanda aka cire musu kitsen shanu aka sa man itatuwa, masu sauƙin kuɗi da ake aunawa a kasuwar Singa, furotin ɗinsu na shanu ne. Sai nono da kindirmo da yogot da ayis kirim da cuku da awarar nono ta Fulani. Sai wanda aka fi mantawa, man shanun da ake zubawa a miyar kuka ko a kan dambu. Alawar madara, tuwon madara da gullisuwa sunansu ko ɗanɗanonsu ya tona su. Milo da Bournvita da Cerelac duk akwai madara a ciki. Cincin, kek, biskit, wani burodin da wata botar shafawa ma haka. Masu sayar da kunun aya da kunun gyaɗa da yawa suna ƙara madara don gardi, ki tambaya, ko ki dama naki.

Tunda da Turanci ake rubuta bayan leda, ki haddace waɗannan kalmomin: milk, milk solids, whey, casein, butter, cream, cheese, yoghurt. Kin ga ɗaya, ki ajiye.

Za a ce ki koma nonon akuya ko na tunkiya. Kada ki yi. Furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, mafi yawan yaran da ke ƙin wannan suna ƙin wancan. Nonon raƙumi ya ɗan bambanta, amma wanda ake yawo da shi ɗanye ne, ba abin ba ƙaramin yaro ba ne.

In har yana shan mama, ki ci gaba har shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata kuma likitoci ke kira a kai. Wannan ba lokacin yaye ba ne. Ke kanki ba sai kin daina shan fura da nono ba, sai in likita ya ga alamar abin na bi ta nononki, a nan kuma zai haɗa ki da ƙwayar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi.

Mataki na shida: abin da zai maye gurbinta

A nan nake so ki fi natsuwa. Madara na ba yaro furotin da kitse da kalsiyam mai gina ƙashi. Furotin da kitse ba su da wuyar samu a tukunyarmu: ƙwai, kifi, hanta, nama, wake, alala, ƙosai, awara, manja da man gyaɗa. Kalsiyam ne ke da wuya, kuma mu nan arewa dama ba mu da rarar sa. A 1999 Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos sun wallafa bincike kan yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, masu gwame da ƙafar baka. Sun gano kalsiyam ɗin da yaran ke samu a abinci bai wuce kusan miligiram 200 a rana ba, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashinsu ya fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Rana muna da ita, abin da ke cikin kwano ne ya gaza. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga mai shekara 1 zuwa 3 miligiram 500 ne a rana, na Amurka 700. Kofin madara mai mililita 200 na ba da kusan 240. Kin ga girman ramin da za ki cike.

Allah ya sa abin cikewar na kasuwanninmu. Garin kuka da busasshen zogale suna cikin ganyayen da suka fi kowane kalsiyam. Babban cokali ɗaya na ba da abin da ya kusa miligiram 100. Ki riƙa yin miyar kuka mai kauri, ki kuma barbaɗa garin zogale a faten wake ko faten doya bayan kin sauke. Ƙananan kifaye da ake ci da ƙayarsu su ne na gaba: ki sayi busassu, ki wanke, ki ƙara busarwa, ki daka su lukui ki tankaɗe, ki riƙa zuba cokali a miyarsa. Sadin na gwangwani na da kusan miligiram 380 a giram 100 in an murƙushe shi da ƙashinsa, rabin gwangwani ya kai 150. Tamba ta fi gero da dawa da masara kalsiyam nesa ba kusa ba, kusan 350 a giram 100, ki neme ta wajen masu hatsi a Dawanau ko Rimi ki sa a garin kununsa. Riɗin da ba a cire wa ɓawo ba, cokali ɗaya ya kusa 90; a soya sama-sama a niƙa. In bai taɓa cin riɗi ba ki fara da ɗan kaɗan da rana kina kallonsa, don shi ma wasu yaran na ƙinsa. Kuɓewa, rama, lalo da alayyafo na ƙarawa. Ba duk kalsiyam ɗin ganye jiki ke tsotsewa ba, shi ya sa nake haɗa ganye da kifi maimakon in dogara da ɗaya.

Garin kunun da nake yi: gwangwani 2 na tamba, 1 na gero, 1 na waken suya da aka soya aka cire ɓawo, rabi na gyaɗa, rabi na riɗi, a kai inji a niƙa tare. Ki tabbata an wanke injin ko an fara zuba wani hatsin. A dama da kauri, a dafa shi sosai, a ɗiga ɗan mai. Kunu tsararo cika ciki kawai yake yi.

Yini guda zai iya zama haka: da safe wannan kunun da dafaffen ƙwai, da hantsi gwanda ko ayaba, da rana shinkafa da wake da manja da garin kifi, da la'asar awara ko alala, da dare tuwo mai laushi da miyar kuka. In an dama wa 'yan gida fura, a dama tasa daban da ruwan garin 'ya'yan kuka, wanda ake kira kwalba da nono. Yana da tsamin da zai sa ba zai ji an ware shi ba.

Maganar madarar waken suya kuma, wadda ake yi a gida tana da furotin mai kyau amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Ta kwali da aka rubuta an ƙara mata kalsiyam, kusan miligiram 120 a mililita 100, ita ce ke iya tsayawa a gurbin madara ga wanda ya wuce shekara ɗaya. A girgiza kwalin kafin a zuba domin kalsiyam ɗin na kwantawa a ƙasa. Wasu yaran da ke ƙin madarar shanu suna ƙin waken suya ma, ki lura. Kunun aya abin sha ne mai daɗi, amma furotin ɗinsa bai kai a kira shi madarar yaro ba. Madarar shinkafa ba a ba yaron da bai kai shekara 5 ba saboda sinadarin asenik mai guba da ke cikinta. Gyaɗa da aya tsurarsu kuma kan shaƙe ƙaramin yaro, sai an niƙa.

In kin lissafa kin ga ba ya kaiwa, ko shi mai tsandar ci ne, ki nemi likita ya rubuta masa sirof ɗin kalsiyam da bitamin D. Ki riƙa kai shi awo duk wata. In igiyar awon damtse ta nuna ƙasa da santimita 12.5, a sake duba tsarin gaba ɗaya. Ki kuma sanar da ma'aikatan awon cewa an cire masa madara, domin abincin tamowa na leda da ake rabawa akwai garin madara a cikinsa.

Mataki na bakwai: mutanen gida

Gwaji ya fi lalacewa a ɗakin kaka fiye da a kicin ɗinki. Tausayi ne ke sa ta miƙa masa ludayin fura ko ta tsoma masa burodi a shayi. Kada ki aika yaro da saƙo, ki je da kanki ki durƙusa: "Hajiya, likita ne ya ce a ɗaga masa nono da man shanu na sati huɗu a gani. Ga nasa kwanon na kawo, in ya yi kuka wannan za a ba shi." In da hali maigidan ya faɗa da bakinsa, ya fi shiga. Faɗin adadin kwanakin na sa a ba ki haɗin kai, don babu kakar da za ta yarda a hana jikanta nono har abada. Ki gaya wa yayyensa da mai aiki da malamar makarantar rainon, ki kuma ware masa kofi da cokali. Ranar suna ko biki ki tafi da abincinsa a jaka.

Mataki na takwas: dawo da madarar

Ko fatar ta yi kyau ko ba ta yi ba, sai an dawo da madara kafin a san gaskiya. Egzima na lafawa da kanta, sauyin yanayi ma na kwantar da ita. In kin fara gwaji a ƙarshen hunturu, saukar iskar kaɗai na iya gyara fatar ki ɗauka madara ce. In kwanakin sun cika babu wani canji, madara ba ta da laifi, ki mayar masa da ita. Haka ta faru da ɗana. In kuma ya samu sauƙi, ga mai nau'in jinkiri kaɗai, ki dawo da ita kaɗan-kaɗan cikin sati guda, da safe, ranar da yake lafiya, daga ƙaramin cokali zuwa rabin kofi. Ciwon bai dawo ba, shi ke nan. Ya dawo a fili, an tabbatar, sai a sake cirewa na aƙalla wata 6 tare da kulawar likita da masanin abinci.

Bayan wata shidan ana hawa ne kamar tsani, domin zafin gashi na canza furotin ɗin madara, yara da yawa na iya cin wadda aka gasa cikin fulawa tun kafin su iya shan tsurarta. A fara da ɓallin biskit mai madara, a ƙara har ya cinye guda, a yi kwanaki a haka. Sai kek, sai soyayyiyar awarar nono, sai yogot ko kindirmo, madara tsura ita ce ƙarshe. Inda ya nuna alama ki koma matakin da ya wuce lafiya ki tsaya a nan, ki ci gaba da ba shi wannan ɗin a kai a kai, a sake gwada na gaba bayan wata biyu ko uku. Yawancin yara na rabuwa da alajin madara kafin su kai shekara 5.

Idan kin iso matakin kindirmo, ki sayi wanda kika tabbata an tafasa madararsa kafin a kwantar, ko ki tafasa ki kwantar da naki a gida. Ɗanyen nono na iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu da wasu cututtukan masu sa zazzaɓi.